Yankan Hannun Hagu

Hayaƙin ta fara gani kafin ƙaurin ya iso hancinta.

Auta na durƙushe a ƙarƙashin rumfar raga, tana ɗura ƙasa a baƙaƙen ledojin rainon tsirrai, sai ta ga hasken rana ya dusashe a kan hannayenta. Ta ɗaga kai. Daga bayan shingen da ya raba lambun furanninsu da na maƙwabta hayaƙi ne yake turnuƙewa, irin mai nauyin nan na ɗanyen ganye.



"Taso." Yayanta ne tsaye a bakin shinge, ya riƙe ƙugu. "Taso ki ga mutumin naki da idonki."

Ta miƙe ko ƙasar gwiwarta ba ta kakkaɓe ba, ta leƙa ta tsakanin ganye.

Dogo ne. Ya turo baro cike da wardi, ya kife a kan wuta, ya juya ɗebo wani. Ba busassu kaɗai ba. Har da jajaye masu fure a buɗe, waɗanda ko yanzu aka jera su a bakin titi sai an yi rububinsu. Can gefe mahaifinsa na zaune a benci da baƙin tabarau, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, yana sauraron gumin shekarunsa yana fashewa a cikin wuta.

"Gobe dattawan sana'a za su zo duba lambunan nan biyu," in ji Yaya, "shi kuma yau ce ta yi masa daɗin shara. Kin gane, ko sai na yi miki fassara?"

"Yaya, wataƙila..."

"Wataƙila me? Wataƙila sanyi yake ji?"

Dogo ya ɗago, idanunsu suka haɗu ta cikin hayaƙin. Bai yi mata murmushi ba, bai kuma yi saurin kau da kai ba. Daga nan ya sunkuya ya kama hannun baro.

Lambunan nan biyu da can lambu ɗaya ne. Mahaifin Auta da mahaifin Dogo tare suka fara sana'ar, tare suka share filin, har ranar da suka saɓa a kan wanda zai riƙe gefen titi, inda masu motoci ke tsayawa. Aka ja shinge a tsakiya, kowa ya kama gabansa. Mahaifin Auta ya rasu ba su shirya ba. Ya bar wa iyalinsa rabin fili, da layin wardi guda da ake kira iyaye, domin daga jikinsu ake yanko duk reshen da za a raina a sayar. Umma ba ta taɓa bari an ɗaga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kullum da safe sai ta bi layin tana shafa ganyensu tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, kuma ba wanda ya isa ya yi mata dariya.

A famfon da lambunan biyu ke tarayya a kansa Auta da Dogo suka saba. Shi mutum ne da sai an sha wuya ake ciro magana daga bakinsa, ita kuwa ko ba kowa a wurin sai ta yi hira da tiyo. Bahaguwa yake kiranta, don da hagu take komai. Da ƙyar da siɗin goshi Yaya ya amince manya su zauna a kan maganarsu, shi ma da sharaɗi: kada ƙafarta ta taka lambun can sai an gama magana.

Ana cikin haka cuta ta shigo. Rassan iyaye suka fara yin baƙi daga sama, baƙin yana gangarowa, ganye na zuba. An yi feshi, an rage ruwa, an canza ƙasa, duk a banza. Yaya ya bi layin yana bincike, sai ga farin wardi a shuɗiyar tukunya zaune daram a tsakiyar iyaye, shi ma ya yi baƙi. Kyautar Dogo ce. A dokar lambu baƙuwar shuka keɓe ta ake yi sai an tabbatar da lafiyarta, amma Auta ta ajiye ta inda idonta zai riƙa faɗawa a kai.

Sauran aikin Mai Tukwane ce ta ƙarasa shi. 'Yar ƙanwar mahaifin Dogo ce, tana sayar da tukwanen fure a ƙofar lambunsu, kuma kowa ya san tun tasowarta ba ta da wani buri da ya wuce ɗan kawun nan nata. Ita ta raɗa wa Yaya cewa wardin su Dogo ma suna baƙi, kuma nasu ne suka riga. Yaya bai nemi ƙarin bayani ba. An turo musu cuta a tukunya, an lulluɓe ta da soyayya, magana ta ƙare.

Da la'asar Auta ta ɗauki bokiti ta nufi famfo, alhali randunansu cike suke. Ta same shi yana wanke toka daga hannayensa. Hannunsa na dama har yanzu bai gama miƙewa ba tun karayar da ya yi.

"Me ya sa?" in ji ta.

"Cika bokitinki ki tafi, Bahaguwa. Yayanki na kallo."

"Ya kalla. Ka san abin da ake faɗa a kanka kuwa? Cewa ake ka ƙone shaida."

"Ai ba su yi ƙarya ba."

Bokitin ya suɓuce mata.

"Dogo... kada ka yi min haka. Ka ce ba kai ba ne, ni zan yarda ko duniya ta ƙi."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun reshe kamar yatsa, rabinsa baƙi, rabinsa kore.

"Shi kaɗai na rage. Duba bakinsa."

Ta karɓa ta juya shi. Yanka ne mai kyau, a karkace, ɗan sama da idon da sabon toho ke fitowa.

"Mai hannun dama ta nan yankansa yake gangarowa," in ji shi a hankali, yana nuna mata da farce. "Wannan ta can ya gangaro. Duk layin masu furannin nan mutum ɗaya ne yake yanka haka. Kuma dubi inda baƙin ya faro. Ba daga saiwa ba. Daga bakin almakashi."



Watannin baya Dogo ya faɗo daga tsani yana ɗaure wata shuka mai yaɗo, hannunsa ya karye. Mahaifinsa na asibiti an yi masa aikin ido. Lokacin datse wardi ya zo yana neman wucewa, ba mai yi. Auta ta kasa jurewa. Duk safiyar da Yaya ya fita kai wa masu saye kaya, sai ta zagaya ta bayan tanki ta tsallaka da almakashinta, ta yi masa aikin yana biye da ita yana kwashe rassa da hannu ɗaya. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da ta taɓa yi a rayuwarta. Farin wardin ma na godiya ne.

"Ranar farko," in ji Dogo, "daga ina kika taho?"

Ba ta buƙaci dogon tunani ba. Daga wani otal ne, inda aka kira ta ta cire musu matattun rassa daga wardin da suka rasa gane kansu. Mahaifinta ya sha faɗa musu tun suna yara: almakashin da ya fita waje ba ya taɓa shukar gida sai an gasa bakinsa a wuta. Ta sani sarai. Sauri take yi kada Yaya ya dawo ba ta ga Dogo ba. Da shi ta datse na Dogo, da shi ta dawo ta datse iyaye, da shi ta gyara farin wardin.

"Ni ce..." Ta toshe baki da hannu. "Ni na kashe su. Na Abbana, da naku..."

"Ba ki sani ba."

"Na san dokar ai. Na san ta."

"Ki saurare ni, rabin raina." Bai cika faɗin irin wannan ba, shi ya sa ta ji kalmar har cikin ƙashinta. "Yankanki a lambunku ba abin mamaki ba ne. Amma in dattawan nan suka gan shi a namu, kallo ɗaya ya ishe su. Yayanki zai san kin karya sharaɗinsa. Umma za ta san hannun da ya taɓa mata iyaye. Ni zagi ne kawai, kuma zagi ba ya daɗewa. Shekara ɗaya, biyu, a manta, in dawo in sake roƙo."

"Baba fa? Me ka ce masa?"

"Na ce duk sun kamu."

"Duk sun kamu?"

Ya kalli ruwan da ke bin ƙafafunsu.

"Duk wanda almakashinki ya taɓa na ƙone. Ban tsaya tantancewa ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Ya miƙo hannu zai karɓi guntun reshen, ta damƙe shi a tafinta.

"Ki yi min alkawari za ki yi shiru."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki bokitinta ba ko ɗigon ruwa a ciki.

A gida ta tarar da Umma a layin iyaye, zaune a kan kifaffen bokiti. Guda uku ne suka rage da ɗan kore a jikinsu, su ma kowa ya san kwana suke jira.

"Wannan shi mahaifinku ya fara dasawa," in ji Umma ba ta waiwayo ba. "Ina da cikin yayanki. Ya ce in ya yi fure zai saya min zobe. Ya yi furen, har yau ina jiran zoben."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma wani abu daban.

Auta ta durƙusa a gefenta.

"Umma..."

"Yaron nan da hannuna na sha ba shi ruwa yana ƙarami. In ya faɗi ni nake ɗaga shi kafin uwarsa ta iso. Ban taɓa zaton zai duba abin da ya rage min a duniya ya aiko masa da mutuwa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ki cire shi a ranki, Auta. Ba umarni nake ba ki ba. Roƙonki nake."

Maganar ta zo wa Auta har maƙogwaro. Ta dubi fuskar uwarta, ta haɗiye ta. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Washegari da safe ta sami Mai Tukwane a famfo tana ɗauraye kayanta. Rabon da su gaisa har an manta, amma yau ita ta fara.

"Sannu, Auta. Kin rame."

"Lafiyata ƙalau."

"Shi ma ya rame." Ta jera tukunya a kan 'yar'uwarta. "Kin ji abin da dattawa suka shirya? In ta tabbata da gangan ya yi, ba mai ƙara saya a hannunsa, ba mai sayar masa da ko irin shuka. Sunansa ya mutu a sana'ar nan ke nan. Mutumin da bai iya komai ba sai ƙasa da ruwa."

"Ai ke kika kai maganar."

"Na kai, kuma na yi nadama. Kishi ne, ba zan ɓoye miki ba." Ta sassauta murya. "Amma ni ina zaune a ƙofa, Auta. Duk safiyar da kika zagayo ta bayan tanki ina ganinki. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba, don ba maganata ba ce."



"Ni dai na riga na rasa shi, na haƙura. Ke da yake so, ke da ya ƙone dukiyar ubansa dominki, za ki zauna ki naɗe hannu a yi masa wannan tambarin? In kina sonsa yadda kike faɗa, ki wanke shi."

Ta ɗauki tukwanenta ta wuce. Auta ta bi ta da kallo, har tana jin haushin kanta da ta daɗe tana yi wa baiwar Allah mummunan zato.

Dattawa uku ne suka zo da hantsi, mutanen da suka tsufa da ƙasa a farce. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin rumfar ragar su Auta. Mahaifin Dogo ya shigo, Mai Tukwane na riƙe da hannunsa. Rabonsa da taka wannan gefen tun ranar da aka ja shinge.

Yaya ya yi magana, ya yi ta da zafi, ya ajiye shuɗiyar tukunyar a gabansu. Dattawa suka tsallaka suka dubo lambun can, suka dawo ba su ga komai ba sai toka.

"Yaro," in ji babbansu, "ka san muna zuwa, ka ƙone abin da za mu duba. Me za ka ce?"

"Ba ni da abin cewa, Baba."

"Ka san abin da shirunka yake nufi?"

"Na sani."

Dattijon ya girgiza kai, ya gyara zama zai yanke magana.

"Ni ina da abin cewa."

Duk suka juyo. Auta ce, ta fito daga bayan Umma. Dogo ya ɗago da sauri.

"Bahaguwa, kar ki..."

Ta durƙusa a gaban dattawan ta ajiye guntun reshen, ta ajiye almakashinta kusa da shi. Ta faɗi komai. Otal ɗin, da saurin da take yi, da wutar da ba ta kunna ba, da bayan tanki. Ba ta kalli kowa ba har ta kai ƙarshe.

Babban dattijon ya ɗauki reshen ya kai kusa da ido, ya miƙa wa na gefensa.

"Hagu ne," in ji wancan. "Kuma daga yankan ta shiga."

Umma ta lalubi tabarma ta zauna a hankali. Auta ta runtse ido tana jiran mari, amma da Yaya ya motsa, wajen Dogo ya nufa.

"Na zage ka a gaban mutane," in ji shi. "Na kira ka mugu. Ashe ƙanwata kake rufa wa asiri. Ka yafe min."

"Ba komai, Yaya."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Auta. Ta ce a ranta shi ke nan, an wuce wurin. Umma za ta yi fushi ta huce, Yaya ya riga ya sauko, sunan Dogo ya fita tas.

"Ɗana."

Muryar mahaifin Dogo ce, ba ƙarfi a cikinta. Bai juyo da fuskarsa ga kowa ba.

"Na'am, Baba."

"Waɗanda ka ƙone jiya. Ka ce min duk sun kamu."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Duk sun kamu?"

"A'a, Baba."

"Jajayen nan na kusa da tanki, waɗanda mahaifiyarka ta raina kafin ta rasu?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Tsohon ya gyaɗa kai sau da yawa.

"Na ji ƙamshinsu a cikin wutar. Shuka mai ciwo ba ta ƙamshi haka. Sai na ce wa kaina hancina ne ya tsufa, ɗana ba zai gaya min abin da ba shi ba." Ya gyara tabaransa. "Tun da aka taɓa idon nan, da naka nake gani. In ka ce rami ne in tsaya, in ka ce hanya ce in taka. Ka zaunar da ni a benci, ka sa na saurara..."

Ya kasa ƙarasawa. Dogo ya zube a gabansa.

"Baba, ka yafe min. Ni na yanke shawarar, ita ba ta sani ba."

"Na san ba ta sani ba." Ya juyo inda ya ji muryar Auta ta fito. "Ke 'yata, kin yi abin da manya da yawa ba za su iya ba. Cuta kuwa ba wanda ya daɗe a sana'ar nan bai taɓa jawo ta ba. Na yafe miki, duniya da lahira."

"Na gode, Baba..."

"Amma ba zan zauna inuwa ɗaya da ke ba. Ba ƙiyayya ba ce. Duk sanda na ji muryarki a gidana, ƙaurin jiya zan ji. Muddin ina numfashi, a bar maganar nan."

Dattawa suka shiga ba shi baki. Shi kuwa sandarsa kawai ya laluba. Mai Tukwane ta yi wuf ta kama hannunsa.

"Taka a hankali, Kawu. Ga tiyo nan a gabanka."

A bakin shinge ta waiwayo ta dubi Auta, kallo ɗaya, ba murmushi ba harara. A nan Auta ta gane. A gidan tsohon nan yarinyar ta girma, ta san abin da yake yafewa da abin da ba ya yafewa tun kafin ta zo famfo da tukwanenta.

Umma ta yi kwanaki ba ta ce wa Auta ci kanki ba. Ukun da suka rage a layin iyaye suka bi sauran, ita da kanta ta tumɓuke su, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Ranar da ta gama ta wanke hannu, ta ɗauki mayafi, ta tsallaka shingen da ta rantse ba za ta taɓa tsallakawa ba. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta tarar da Auta tsaye tana jiranta, sai kawai ta jawo ta jikinta.

"Na roƙe shi da zumuncin da ke tsakaninsa da mahaifinki," in ji ta. "Kuka ya yi, amma bai sauya ba. Yi naki kukan, 'yata. Ni ma na yi nawa."

Yaya ma ya je, ya je ya sake komawa, har tsohon ya daina fitowa in ya ji sallamarsa. Ba a jima ba labari ya zo cewa ya saki filin. Ya ce ba zai iya zama inda ƙafarsa ke taka toka ba, zai koma wajen babbar 'yarsa a wani gari mai nisa. Kuma makaho ba ya tafiya ba ɗan jagora.

Ranar tafiyar babbar mota ta tsaya a bakin titi tun da hantsi. Aka kwance rumfa, aka naɗe raga, aka loda baro da tsani da tankin. Auta na ba wa ƙananan furannin yasmin ruwa, ta ƙudura a ranta ba za ta leƙa ba. Sai ta ji takunsa a bayanta.

"Bahaguwa."

Ta ajiye butar ban ruwa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Za ku tafi."

"Za mu tafi."

"Mai Tukwane ma?"

"Ta ce za ta riƙa kula da maganinsa."

Auta ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Ka ji haushina?"

"Na yi ƙoƙari in ji. Na kasa." Ya kalli ƙasa. "Amma da kin yi shiru..."

"Da ka zauna da sunan mugu."

"Da na dawo."

Ta ji maganar kamar an soka mata ƙaya a ƙirji. Gaskiya ce, kuma ta san ko yau aka mayar da ita gaban dattawan nan, abin da ta yi shi za ta sake yi. Wannan sanin bai rage mata zafin komai ba.

"Zan jira ka," in ji ta. "Ko shekara nawa ne. Zuciya tana sauka, Dogo. Wata rana zai..."

"Kada ki jira." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kin ji abin da ya ce. Muddin yana numfashi. In kika jira, me za ki zauna kina jira? Ni kuma me zan riƙa fata duk safiyar da na je gaishe shi? Ba na so mu zama waɗannan mutanen, masoyiyata. Ba ke ba, ba ni ba."

Ta rufe fuska da tafukanta. Bai taɓa ta ba. Ya tsaya kawai kusa da ita, yadda ya saba tsayawa a famfo yana jira bokitinta ya cika.

Daga gaban motar muryar tsohon ta taso.

"Ɗana? Kana ina?"

"Ga ni nan, Baba."

"Kai da wa?"

Auta ta ɗago ta girgiza masa kai, tana roƙonsa da ido ya ce direba ne, ya ce Yaya ne, ya ce kowa ma, ko sa ƙara minti ɗaya. Dogo ya dube ta, hawaye na bin kuncinsa.

"Ni da Auta ne, Baba. Sallama nake yi mata."



"To ka gama?"

Ya ƙara kallonta sau ɗaya, tun daga goshi har zuwa hannun hagunta da ƙasa ta ɓata.

"Na gama, Baba."

Tana nan tsaye motar ta hau titi. Umma ce ta zo ta ɗauke butar daga gabanta, ta ƙarasa ba wa yasmin ɗin ruwa.